Yadda zaka fara kallon tsofaffin fina-finan 'yan daba na Hollywood har ka ji daɗinsu

Jama'a masu son fim ɗin Amurka na manyan 'yan daba, musamman waɗanda suka kalli Scarface na Al Pacino ko The Godfather suka ce ai daga nan an rufe ƙofa, ina so ku sani waɗannan fina-finan suna da iyaye da kakanni, kuma kakannin nan tsakanin 1931 da 1949 aka yi su, baƙi da fari ne ba kala, amma wallahi in ka bi su a tsari zaka ji daɗin da baka zata ba. Abin da ke ɓata wa mutane shi ne sai mutum ya ɗauko guda ɗaya daga tsakiya, ya kalli minti goma yaji turancin na gudu hoton kuma dishi-dishi, sai ya goge. Tsarin kallon shi ne komai, saboda fim ɗin 1932 da na 1938 ba ƙarƙashin doka ɗaya aka yi su ba, kuma jaruman suna canja matsayi a gaban idonka in kana bin shekarun. To ga yadda ake bi.

Mataki na farko: san zamanin kafin ka kunna komai

Abu uku kawai zaka riƙe. Na ɗaya, daga Janairun 1920 har zuwa Disambar 1933 Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita da safararta, har cikin kundin tsarin mulki aka sa. Mutane kuma basu daina sha ba, sai kasuwar gaba ɗaya ta koma hannun 'yan fasa-ƙwauri, ana shigo da ita daga Kanada, ana dafa wata a ɓoye, ana sayarwa a mashaya ta sirri da sai an san ka ake buɗe maka ƙofa. Kuɗin da ke ciki ya sa ƙungiyoyi suka dinga kashe juna akan unguwa, wa zai sayar a ina. A Chicago Al Capone ne babba, ranar 14 ga Fabrairun 1929 aka jera mutum bakwai na ɓangaren abokan gabarsa a wani gareji aka buɗe musu wuta, shi kuwa da aka tashi ɗaure shi a 1931 akan ƙin biyan haraji aka kama shi, shekara 11. Duk lokacin da kaga ana faɗa akan ganga ko motar dakon kaya a fim ɗin nan, giya ce a ciki, ita ce dukiyar.

Na biyu, a Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta ruguje, talauci da rashin aiki suka mamaye ƙasar, to ka ɗauka mutumin da ya rasa aiki ya shiga silima yaga yaro ɗan talakawa ɗan baƙin haure yana saka kwat mai tsada yana taka wanda yaga dama, dole zuciyarsa ta bi yaron ko da ya san mugu ne. Na uku, magana a fim sabuwa ce lokacin, a 1927 kamfanin Warner Bros ya fitar da The Jazz Singer, bayan 'yan shekaru kaɗan sai ga ƙarar bindiga mai jigida da jiniyar 'yan sanda da kukan taya suna fitowa daga majigi, kuma Warner ɗin ne dai ya zama gidan irin wannan fim.

Sannan ka gyara tunaninka tun yanzu akan abu ɗaya. Mu mun saba a fim akwai akta akwai bos, akta ya sha wuya daga ƙarshe ya gama da bos. A nan aktan shi ne bos ɗin, shi zaka bi tun yana ƙaramin ɓarawo har ya hau sama har ya faɗo, kuma faɗowar ba sirri bace, kowa ya san zata zo, yadda zata zo ɗin ake kallo.

Mataki na biyu: kayan kallo

In zaka nema ka rubuta sunan fim tare da shekararsa, in ba haka ba kana rubuta Scarface na 1983 ne zai fito maka. Da wuya ka same su wajen masu tura fina-finai, sai dai intanet. Yawancinsu har yanzu suna da masu haƙƙin mallaka don haka haya ko saye ake yi a wurare irin YouTube, Apple TV ko Amazon gwargwadon ƙasar da kake, kuma Warner sun taɓa haɗa da yawa daga ciki a faifan DVD. Akwai kuma waɗanda haƙƙinsu ya faɗi suka zama na kowa, kamar Scarlet Street da Detour duka na 1945, waɗannan kyauta suke a Internet Archive.

Basu cin data sosai, ukun farko da zan lissafo babu wanda ya wuce awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna, kuma 480p ya isa a waya. Amma dan Allah kar ka ja hoton ya cika allo, kusan murabba'i aka ɗauke su, 4:3, dole kaga baƙi a hagu da dama, ka bar shi haka, in ka miƙar da shi fuskoki zasu baje ka ɓata aikin mai kyamara. Ka kalla da dare ko a ɗaki mai duhu saboda rabin kyawun a inuwa yake, ka sa iyafis saboda sautin farkon shekarun 1930 siriri ne. Rubutun ƙasa na turanci wajibi ne ko da kana jin turanci sosai, mutanen nan suna magana da gudu da bakin 'yan tasha na zamaninsu wanda ko Ba'amurken yau ba duka yake ganewa ba. In jarumi James Cagney, wanda zaka gani a da yawa daga cikinsu, ya fi ƙarfin kunnenka, a VLC zaka iya rage gudun zuwa 0.9, bayan fim biyu kunnenka zai saba ka mayar da shi daidai.

Mataki na uku: ukun farko, a jere, kar ka tsallake

Fara da Little Caesar na 1931, Mervyn LeRoy ya bada umarni. Edward G. Robinson ne ya fito a Rico, ɗan fashin gidan mai da ya shigo birni da abokinsa Joe, shi Rico yana son ya zama wani, shi Joe kuma rawa yake son yi ya fita daga harkar. A cikin ukun shi ya fi nauyin tafiya, kyamara bata cika motsi ba saboda lokacin ana koyon ɗaukar sauti ne, kayi haƙuri da shi. Ka zuba ido akan Robinson kawai. Gajere ne mai faɗin fuska, kuma abin da ke tuƙa Rico ba kuɗi bane ba mata ba, son a san shi ne, ka lura da yadda yake kallon zoben manya da agogonsu, yadda yake taje kansa, yadda yake murna in hotonsa ya fito a jarida, kuma ta wannan ƙofar ta girman kai 'yan sanda suka same shi a ƙarshe. Shi Robinson ɗin a Bukarest ta Romaniya aka haife shi a 1893, sunansa na yanka Emanuel Goldenberg, yana yaro iyayensa suka yi hijira zuwa New York, a rayuwarsa ta gaske mutum ne mai karatu da tara zane-zane masu tsada, ya rasu 1973.

Na biyu The Public Enemy, shima 1931, na William Wellman, kuma in guda ɗaya tak zaka kalla a rayuwarka to ni wannan zan ce. Labarin Tom Powers ne tun yana yaro a 1909 yana ƙananan sace-sace a Chicago, har yaƙin duniya na farko ya zo yayansa Mike ya tafi soja, har haramcin giya ya mayar da shi mai kuɗi. Da farko ma Cagney ba shi aka ba Tom ba, abokin aka ba shi, Edward Woods ne babban jarumi, da aka ga yadda Cagney ke cinye allo sai aka musanya su. Cagney ɗan rawa ne kafin fim, kuma da ka san haka zaka fara ganin abin a jikinsa, yana tsayawa a kan yatsun ƙafa, kafaɗa na motsi, kullum kamar zai zabura, har ƙaunarsa da dunƙulallen hannu yake nuna ta, ya ɗan taɓa haɓar mahaifiyarsa da shi yana murmushi. Akwai wajen da aka fi tunawa, a teburin karin kumallo ya murza wa budurwarsa ɓarin wani babban lemo a fuska, Mae Clarke ce ta fito a matar, wajen ba daɗin kallo kuma ba don daɗi aka yi shi ba, an nuna maka ne wane irin mutum kake bi. Abin da nafi so ka lura da shi shi ne yadda Wellman ke ɗauke kyamara daga kisa. Akwai inda Tom zai tsaya cikin ruwan sama da dare sannan ya shiga wajen abokan gaba shi kaɗai, kyamarar ta tsaya a waje, harbi da ihu kawai kake ji, sai ya fito yana tangaɗi. Baka ga jini ba amma jikinka yayi sanyi. Ƙarshen fim ɗin kuwa bazan faɗa ba, kar kuma ka karanta shi a ko'ina, ka dai tsaya har minti na ƙarshe.

Na uku Scarface na 1932. Wannan ba na Warner bane, attajiri Howard Hughes ne ya zuba kuɗi, Howard Hawks ya bada umarni, Ben Hecht wanda tsohon ɗan jarida ne a Chicago ya rubuta, kuma kowa ya san da Capone ake. Paul Muni ne Tony Camonte, mutum mai dariya kamar yaro in ya samu sabuwar bindiga, kuma mai kishin ƙanwarsa Cesca kishin da ya wuce na wa da ƙanwa, Ann Dvorak ce ta fito a ƙanwar. Ga aikin da zan baka a nan, ka dinga neman alamar X. Kusan duk inda za'a kashe mutum akwai ta a wani waje, a inuwa, a katakon rufi, a lambar ƙofa, a takardar maki a wajen wasan jifan kwalabe inda aka harbe ɗan dabar da Boris Karloff ya fito a matsayinsa, kyamara ta bar shi ta bi ƙwallon da ya jefa, kwalba ta ƙarshe tayi ta juyi sannan ta faɗi. Ka kuma lura da George Raft da ke cilla kwabo sama yana cafewa, daga shi wannan ɗabi'ar ta bazu a fina-finai, kuma shi Raft a zahiri ya yi abota da 'yan daba na gaske irin su Owney Madden da Bugsy Siegel. Masu tace fim sun sha rigima da Hughes akan fim ɗin har fitarsa ta yi jinkiri, aka cusa wani waje da mai gidan jarida ke wa'azi akan 'yan daba, zaka gane shi da ka gan shi don bai dace da sauran ba, har wani ƙarshen daban aka ɗauka inda ake rataye Tony. In ka gama sai ka koma kan na 1983 kaga yadda aka ɗauko labarin ƙanwa da aboki da matar maigida kusan duka, Brian De Palma ma ga Hawks da Hecht ya sadaukar da fim ɗinsa.

Mataki na huɗu: gane abin da doka ta canja a 1934

Tun 1930 kamfanonin fim suke da ƙa'idar tacewa da ake kira da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin a lokacin, amma sai a Yulin 1934 aka fara aiki da ita da gaske ƙarƙashin Joseph Breen, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin addini musamman Katolika. Daga nan dole mai laifi ya ga sakamako, ba'a so mai kallo ya tausaya wa laifi, ba'a nuna dabarar aikata shi dalla-dalla. Dabarar da Warner suka yi ita ce suka ɗauki jaruman nan suka mayar da su ɓangaren hukuma, Cagney ya zama jami'in FBI a G Men na 1935, Robinson ya zama ɗan sanda mai shiga cikin 'yan daba a Bullets or Ballots na 1936, harbin na nan, zafin na nan. Ɗaya daga cikin biyun ya isa, don dai kaga juyin.

Inda zaka zauna sosai shi ne Angels with Dirty Faces na 1938, na Michael Curtiz. Yara biyu ne suka yi yunƙurin sata a taragon jirgin ƙasa, ɗaya ya tsere ɗaya aka kama, wanda ya tsere ya girma ya zama limamin coci, Pat O'Brien kenan, wanda aka kama gidan horon yara ya mayar da shi riƙaƙƙen ɗan daba, Rocky Sullivan, Cagney kenan. Yaran unguwa kuma Rocky suke bauta wa. A ƙarshe da za'a kai shi kujerar lantarki abokin nasa ya roƙe shi abu ɗaya, ya mutu kamar matsoraci don yaran su daina kwaikwayonsa. Abin da ya faru a ɗakin a inuwa aka nuna shi, kuma har yau ana gardama ko tsoron gaske ne ko don yaran yayi. Wannan fim ɗin kar ka kalle shi kai kaɗai, ka samu mutum biyu ko uku, in an gama kowa ya faɗi nasa. Ni dai ina ganin don yaran yayi, kuma wajen yana taɓa ni ƙwarai, saboda mutumin da bashi da komai sai sunansa shi ne ya bada sunan.

Sai The Roaring Twenties na 1939, na Raoul Walsh, wanda ya waiwayi zamanin gaba ɗaya, sojoji uku sun haɗu a rami a fagen yaƙi a Faransa, ɗaya daga cikinsu Eddie Bartlett, Cagney kenan, ya dawo gida ya tarar an ba wani aikinsa na kanikanci, ya koma tuƙin tasi, daga nan ya faɗa safarar giya, ya yi kuɗi, 1929 ta cinye shi. A nan ka lura da Gladys George, mai gidan rawar da ke sonsa shi kuma hankalinsa na kan wata.

Mataki na biyar: bi Humphrey Bogart daga baya zuwa gaba

Zuwa yanzu ka riga ka gan shi ba sau ɗaya ba, shi ne mugun da ke gefe, lauya maci amana a Angels, abokin da ya juya baya a Roaring Twenties, kullum Cagney ko Robinson ne ke harbe shi. Koma baya kaɗan ka kalli The Petrified Forest na 1936 inda ya fito a Duke Mantee, ya taka rawar a dandamali tare da Leslie Howard, da aka zo yin fim Howard ya dage sai da Bogart. Sannan ka tsallaka High Sierra na 1941, an yi wa Raft tayi ya ƙi, Bogart ya samu, ya fito a Roy Earle tsohon ɗan fashi da ya gaji da duniya, sunan Ida Lupino ma shi ke sama da nasa a fosta. A shekarar dai Raft ya sake ƙin The Maltese Falcon, fim na farko da John Huston ya bada umarni, Bogart ya sake samu, daga nan ya zama babba. Salonsa daban yake da na Cagney, baya motsi sosai, sigari da ido da shiru ne aikinsa, don haka a fina-finansa ka dinga kallon fuskarsa lokacin da wani ne ke magana.

Daga 1941 ɗin nan zaka ga hasken ya ƙara duhu, labarin ya bar ƙungiya ya koma kan mutum ɗaya da kwaɗayi ko mace ta ja shi. Double Indemnity na 1944 na Billy Wilder shi ne misali, Barbara Stanwyck da Fred MacMurray sun ƙulla kashe mijinta don kuɗin inshora, Robinson kuma wanda ka sani a Rico yanzu shi ne mai binciken inshora mai gaskiya, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun aikinsa. Scarlet Street ɗin nan na kyauta ma shi ne a ciki, a matsayin bawan Allah mai rauni da aka yaudara.

Kafin ka tara iyali

Tsiraici kusan babu, amma giya da sigari suna ko'ina, akwai mari da wulaƙanta mata, baƙaƙen fata kuwa in sun fito to yawanci a bara ko ɗan aike ne, Italiyawa ma an yi musu kuɗin goro har ƙungiyoyinsu sun yi ƙorafi akan Scarface. Ka fara kalla kai kaɗai ko da manya kafin ka yanke ko yara zasu gani.

Mataki na ƙarshe: rufe da biyun nan

Key Largo na 1948, na Huston, otal ne a Florida guguwa ta rufe mutane a ciki da Johnny Rocco, tsohon shugaban daba da aka kora daga ƙasar yana mafarkin dawowa. Robinson ne Rocco, Bogart ne tsohon sojan da ya tsaya masa, kaga an juya kenan, wanda aka saba harbewa yanzu shi ne jarumi, kuma wannan daɗin sai wanda ya bi tsari yake jin sa. Lauren Bacall na ciki, Claire Trevor kuma ta ci Oscar da rawar tsohuwar mawaƙiya mashayiya, ka tsaya a wajen da Rocco ya tilasta mata yin waƙa ba kiɗa don ya bata kofi ɗaya sannan ya hana ta.

Sai White Heat na 1949, Walsh ne kuma, Cagney yana da shekara 50 ya yi ƙiba, ya dawo a Cody Jarrett mai ciwon kai mai tayar da hauka wanda ba wanda ke iya kwantar masa sai mahaifiyarsa, Margaret Wycherly, ita ce ma ƙwaƙwalwar ƙungiyar. Akwai wajen cin abinci a kurkuku da fursunoni ke miƙa saƙo kunne zuwa kunne har ya iso gare shi, ka kalli wajen sau biyu, karo na farko ka kalli Cagney, karo na biyu ka kalli fuskokin waɗanda ke zaune kusa da shi. Wannan ya kusa awa biyu, ka tabbatar da caji kafin ka fara. In kana yin fim biyu a sati, cikin wata biyu ka gama jerin nan, bayan nan sai ka nemi The Asphalt Jungle na 1950 da The Killing na 1956, inda labarin ya koma kan yadda ake shirya fashi guda ɗaya daga farko har rabon kuɗi.